Daga Darussalam zuwa Kapiri Mposhi a jirgin TAZARA da jakar goyo ɗaya

Jirgin ƙasan TAZARA, wato dogon Tanzaniya da Zambiya, wanda ke ɗaukar mutum a Darussalam, a gaɓar Tanzaniya, ya sauke shi a Kapiri Mposhi, a tsakiyar Zambiya, kilomita 1,860 yake ci. A takarda awa 46 ne, wato dare biyu a kan gado mai motsi. Ni kwana uku na ware masa, kuma duk wanda ya tambaye ni abin da zan fara gaya masa ke nan: kada ka ɗaura komai a kan lokacin isowa. Kada ka sayi tikitin jirgin sama na yammacin ranar, kada ka yi wa kowa alkawarin haɗuwa a Lusaka. Duk sauran shirin, ruwa da kuɗi da magani da cajin waya, a kan kwana uku za ka lissafa shi.

Layin yana da dalilinsa. A 1965 Turawan Rodeshiya, Zimbabuwe ta yau, suka ɓalle daga Ingila, ita kuwa Zambiya ba ta da teku, tagullarta ta kudu take bi ta fita, ta hannun gwamnatocin da take gaba da su. Shugaban Zambiya Kenneth Kaunda da na Tanzaniya Julius Nyerere suka nemi a yi musu dogo zuwa gaɓar Tanzaniya, ƙasashen Yamma suka noƙe, ƙasar Sin ta karɓa da bashin da babu ruwa. Aka fara aiki a 1970, aka gama a 1975, aka miƙa shi a 1976. Kilomita 975 na cikin Tanzaniya, 885 na cikin Zambiya. Faɗin layin milimita 1,067 ne, daidai da tsohon dogon Legas zuwa Kano, shi ya sa wanda ya taɓa kwana a jirginmu na da zai ji jijjigar ba baƙuwa ba ce, sai dai nisan nan ya haura na Kano zuwa Legas sau ɗaya da rabi.

Takardu ne farkon aiki, kuma su suka fi cin lokaci. Mai fasfon Najeriya ba ya samun bizar Tanzaniya a filin jirgi, sai ya nema ta intanet tun yana gida ya jira a amince, abin da kan ɗauki makonni. Ta Zambiya ma tun daga gida ake nemanta. Na nemi duka biyun wata biyu kafin tafiya, na buga kowace takardar amincewa kwafi biyu, ɗaya a jikina ɗaya a ƙasan jaka. Kada ka dogara da hoton da ke cikin waya: a iyaka layin wayarka na Tanzaniya yana gab da mutuwa, batir kuma ya riga ya kwana a hanya. Wajen cike takardar Zambiya, inda aka tambayi mashigar da za ka bi, Nakonde, garin iyaka na ɓangaren Zambiya, za ka rubuta. Sai katin allurar shawara, ɗan littafin nan rawaya. Ana tambayarsa ga duk wanda ya fito daga ƙasashenmu. Fasfo kuma ya kasance da sauran wata shida aƙalla, da shafuka huɗu da ba a taɓa ba.

Tashar TAZARA ba ita ce tashar jirgin da ke tsakiyar gari ba, kuma baƙi da yawa a nan suke fara ɓata. Tana kan titin Nyerere, hanyar filin jirgin sama, daidai inda ya haɗu da titin Mandela, inda aka yi gadar sama. Ka ce wa mai bajaji, wato Keke Napep ɗinsu, "Tazara" kawai, ya san wurin. Jadawalin da na yi tafiya a kansa na kafin annobar korona ne: jirage biyu a mako daga kowane ɓangare, Talata da Juma'a. Mukuba Express, mai tsallake ƙananan tashoshi, yana barin Darussalam ran Juma'a da ƙarfe 3:50 na yamma. Kilimanjaro, mai tsayawa kusan ko'ina, ran Talata da 1:50 na rana. Mukuba a harshen Bemba tagulla ke nan. Tun daga lokacin an sha sauya jadawalin, har akwai lokacin da jirgin kan tsaya a iyaka fasinja ya sauka ya shiga wani, don haka ranar tashi a bakin mai sayar da tikiti za ka ji ta, ba a wani tsohon rubutu ba.

Na je tashar kwana huɗu kafin tafiya, da fasfo da tsabar kuɗi. Gadon aji na ɗaya ya tashi shilin dubu ɗari da 'yan kai a lokacin. Aji na ɗaya ɗaki ne mai gado huɗu, biyu ƙasa biyu sama. Aji na biyu gado shida, uku a kowane bango, na tsakiyan ana naɗe shi da rana don a samu wurin zama. Daga nan sai kujeru, waɗanda ba na ba wa kowa shawararsu a tafiyar dare biyu. Bambancin kuɗin aji na ɗaya da na biyu bai kai bambancin hutawarsu ba, gadajen aji na ɗaya kuma su ke fara ƙarewa.

Abin da zai kwantar wa mutanenmu hankali: ba a haɗa maza da mata a ɗaki ɗaya. Mace mai tafiya ita kaɗai da mata za a haɗa ta. Amma dokar tana raba miji da mata ma, sai in sun sayi gadajen ɗakin gaba ɗaya. Mai tafiya da iyali ya biya gado huɗun tun farko, ya tabbatar an rubuta a tikitin cewa ɗakin duka nasa ne.

Ka roƙi gadon ƙasa. Kayanka suna ƙarƙashinka, taga tana kusa da kai, ba ka hawa tsani cikin duhu jirgi yana fizga. Aibinsa ɗaya ne, da rana shi ne kujerar kowa. Na sama ya fi sirri, amma ya fi zafi a daren farko, kuma can ne ake faɗowa.

Jakar goyo mai cin lita 40 zuwa 50 ta isa, nauyinta kada ya wuce kilo goma sha biyu. Ƙarƙashin gadon ba shi da tsayi, akwati mai tauri ba ya shiga, sai ya tare tsakiyar ɗaki kowa yana tsallake shi. Ban da ita, ƙaramar jaka ta rataya wadda fasfo da kuɗi da waya ke ciki, wadda ba ta barin jiki ko ban-ɗaki za ka.

Ruwa shi ne kaya mafi nauyi, kuma a bakin tasha ake sayensa don kada a yi ta dakonsa a gari. Na sha lita uku a rana, kwana uku lita tara, wato manyan robobi shida masu lita ɗaya da rabi. Na ƙara jarka mai lita biyar ta alwala da tsarki, da ƙaramar buta. Dalili kuwa, kowane tarago tankinsa ne a kansa, a manyan tashoshi ake cika shi, idan tafiya ta ja famfo yakan ƙafe tun kafin a kai wurin cikawa na gaba. Ruwan famfon ma ba na sha ba ne. Akwai wurin wanka a ƙarshen tarago, ruwan sanyi. Wanda zai yi ya yi a yammacin farko tun tanki yana cike.

Abu na biyu da mutane ke rainawa shi ne sanyi. Darussalam a bakin teku take, gumi kake yi ko a inuwa, sai ka ga ɗaukar rigar sanyi kamar wauta ce. Amma kafin gari ya waye jirgin ya hau tsaunuka, kusa da Mbeya ma, a Uyole, layin yana kaiwa mita 1,789 sama da teku. Can kuma kudu da tsakiyar duniya ne, lokutansu kishiyar namu: Yuni da Yuli da Agusta ne hunturunsu, damina daga Nuwamba zuwa Afrilu. Ana ba da zanin gado da matashi da bargo ɗaya, amma bargo ɗaya ba ya riƙe asubar Makambako, wani gari a kan tsaunukan, a watan Yuli. Rigar sanyi mai kauri, safa, hula mai rufe kunne, da mayafi ko zani na kanka.

Sauran ƙananan kaya: tocila, silifas na roba saboda ƙasan ban-ɗaki kullum a jiƙe take, sabulu, takardar goge-goge naɗi biyu, kwaɗo da ɗan sarƙa na ɗaure jaka a ƙafar gado, man korar sauro, maganin zazzaɓin cizon sauro, maganin gudawa da ƙullin gishiri da sukari guda biyar ko shida. Soket ɗinsu irin namu ne mai baki uku, cajar gida tana shiga, amma wutar tarago tana zuwa tana ɗaukewa, kuma mutum huɗu ne a kan soket ɗaya ko biyu, saboda haka fawa bank mai ƙarfi a cike. Kada ka zuba kaya a baƙar leda: Tanzaniya ta haramta ledar cefane tun 1 ga Yuni, 2019. Guzuri kuwa a Kariakoo, unguwar babbar kasuwar Darussalam, na haɗa shi, dabino da gyaɗa da burodi da lemo da ganyen shayi.

Jirgin Juma'a yana ba da damar a yi Masallaci a Kariakoo, amma ana sallamewa a kama hanya, domin cunkoson titin Nyerere ba shi da tabbas. Ka isa awa biyu kafin tashi. A nan ka kiyayi agogon Suwahili. Su daga fitowar rana suke fara ƙirga awa: ƙarfe bakwai na safe shi ne "saa moja", ƙarfe ɗayansu. Wanda ya ce maka jirgi zai tashi "saa kumi" ba goma yake nufi ba, huɗu na yamma yake nufi. Ka ƙara shida ko ka rage shida, in kuwa ka yi shakka ka miƙa masa takarda ya rubuta da lamba. Lambar tarago da ta ɗaki suna jikin tikiti, ana kuma liƙa jerin sunaye. Kowane taragon kwana yana da ma'aikaci mai kula da shi, shi ke karɓar tikiti, ya raba zannuwa, ya riƙe mabuɗin ɗakuna. Ka gaishe shi da kyau tun a bakin ƙofa. Saurayi "kaka" ake ce masa, wato yaya, ba kakan da muka sani ba, mace "dada", dattijo kuwa "shikamoo", shi kuma ya amsa "marahaba".

Awa uku zuwa huɗu bayan tashi layin yana shiga gandun dajin da aka sani da Selous, wanda tun 2019 aka yanki arewacinsa aka mai da shi gandun Nyerere. Raƙuman dawa da jakunan dawa da gwanki da birai suna kiwo kusa da dogo, wani lokaci har giwa. Sai dai a can rana tana faɗuwa wajen shida da rabi, magariba kuma ba ta jinkiri, duhu yake rufowa nan da nan. Jirgin 3:50 da ƙyar yake riskar haske a wurin. Wanda namun daji ne suka kawo shi ya bi na Talata mai tashi da wuri.

Sallah tana buƙatar ɗan tunani. Mu mun saba alƙibla gabas ce, har kalmomin biyu sun zame mana ɗaya. A Darussalam Makka tana arewa sak, a Zambiya kuma arewa ce da ɗan karkata gabas. Wanda ya fuskanci mafitar rana a can ya ba alƙibla kafaɗarsa ta hagu. Tsakanin gadajen ƙasa biyu akwai filin da zai ɗauki darduma ɗaya, in abokan ɗaki sun ɗaga ƙafafunsu, kuma ban ga wanda ya ƙi ba. Ana ƙasaru, ana haɗa azahar da la'asar, magariba da lisha, a nemi lokacin da jirgi ya tsaya a babbar tasha, domin tsayuwa a tarago mai tafiya ba ta yiwuwa sai da dafa bango. Alwala da buta a wurin wanke hannu, ba a cikin makewayi ba. Makewayin na tsuguno ne, akwai ƙarfen riƙewa a bango, a riƙe shi da gaske, kuma a fitar da waya daga aljihun riga kafin a shiga. Ba a amfani da shi idan jirgi yana tsaye a tasha.

Akwai taragon abinci a tsakiyar jirgi, ma'aikacinsa kuma yakan zagayo ɗakunan kwana ya ɗauki oda ya kawo. Abincin ba baƙo ba ne a bakin Bahaushe. Ugali tuwon masara ne mai tauri, wali shinkafa ce, da kaza ko kifi ko naman sa da ɗan ganye. Da safe ƙwai da burodi da shayi. Amma abin da ya fi daɗi ta taga yake shigowa. Jirgi yana tsayawa mata za su jero da farantai a ka, suna ɗaga su daidai taga: ayaba, dafaffen ƙwai, gasasshiyar masara, mandazi mai kama da fanke, da vitumbua, wadda wainar shinkafa ce sak, a tanda mai ramuka ake soya ta, sai dai da madarar kwakwa aka dama ƙullin. Ka tanadi canji, 'yan ɗari biyar da dubu ɗaya. Idan ka miƙa takardar dubu goma jirgi ya motsa, mai tallan za ta bi shi da gudu tana lalube a haɓar zani, ko kai ka yi asara ko ita. Ƙa'idata a hanya: abin da ke da ɓawo ko wanda aka sauke daga wuta a gabana.

Daren farko a kwarin Kilombero ake yin sa, ƙasar shinkafa da rake, wajen Ifakara. Zafi da sauro. A shafa man sauro tun magariba, a rufe ragar taga. Barci kuma ba ya zuwa da sauƙi saboda fizga. Tsakanin kowane tarago da na bayansa akwai ɗan sako-sako a mahaɗarsu. Idan direba ya taka birki, taragu suna cin karo ɗaya bayan ɗaya tun daga gaba, idan ya ja kuma su miƙe ɗaya bayan ɗaya. Za ka ji ƙarar tana tahowa daga nesa, gam, gam, gam, kafin ta iso naka ta girgiza shi. Gadajen a gicciye suke, don haka fizgar mirgina mutum take yi, ko zuwa bango ko zuwa bakin gado. Mai gadon sama ya ɗaga makarin gefe, ya tokare da jakarsa in da hali. Kofin shayi ba a barinsa a kan tebur, robar ruwa a kwantar da ita a ƙasa.

Tsaro bai fi abu uku ba. A kulle ƙofa ta ciki da dare. A rufe taga idan an tsaya a tasha cikin duhu, domin hannu daga waje yana kaiwa kan tebur, kuma wayar da aka bari a caji a nan ake rasa ta. Idan duk 'yan ɗaki za su tafi cin abinci, a kira ma'aikacin tarago ya kulle da mabuɗinsa.

Daga Mlimba zuwa Makambako kilomita 158 ne, kuma nan ne aikin ya fi ba magina wuya. Layin yana da gadoji kusan 320 da ramukan da aka fafe cikin duwatsu sama da ashirin, mafi yawan ramukan a wannan ɗan tsakanin suke. Idan jirgi yana kan lokacinsa cikin dare yake wucewa ba ka ga komai ba. Idan ya makara, gari ya waye maka a ciki. Mu da hantsi muka bi wani ɓangarensa. Jirgin yana rarrafe kamar mai tafiyar ƙasa, ya fito daga rami ya hau gada, ka leƙa ka ga kogi can ƙasa kamar zare, hazo kwance a kan bishiyoyi. A kwana mai tsanani kana hango kan jirgin da taragun gaba suna lanƙwasa a gabanka. Kafin a shiga dogon rami a rufe taga, in ba haka ba hayaƙin dizal ya cika ɗaki.

A nan kuma mutum yake gane dalilin jinkiri. Layi ɗaya ne tal, mai zuwa da mai dawowa duk a kansa, jirage biyu ba sa wuce juna sai a tasha mai layin gefe. Idan jirgin kaya mai ɗauke da tagulla ya makara, naku zai tsaya a wata 'yar tasha a daji ya jira shi, awa ɗaya ko uku. Akwai wuraren da aka ƙayyade gudu saboda ƙasar tana motsi, da damina kuma zaizaya takan rufe layi sai an kwashe. Ko ba tare da wannan ba, kilomita 1,860 a awa 46 kusan kilomita 40 ne kawai a awa. Idan an tsaya ana iya sauka a miƙe ƙafa, amma kada a yi nisa da ƙofar tarago. Ƙaho ɗaya yake busawa ya ja.

Mbeya ce babbar tsayawa ta rana ta biyu. Ana cika tankuna, fasinjoji da yawa suna sauka, wasu su hau. Dankalin Turawa da fiya da ayaba suna da araha. A nan ya kamata ka kashe ragowar shilin ɗinka a kan ruwa da guzuri, ka kuma duba farashin kwacha, kuɗin Zambiya, a waya ka rubuta a takarda tun intanet yana aiki.

Iyaka ita ce Tunduma a ɓangaren Tanzaniya, Nakonde a ɓangaren Zambiya, gari biyu da suka manne da juna. A jirgin da ke wucewa kai tsaye ba a sauka. Jami'an shige da fice na Tanzaniya suna bin ɗaki-ɗaki su buga hatimin fita, jirgi ya matsa kaɗan, na Zambiya su shigo. Ka zauna a ɗakinka da fasfo da takardar biza da katin allura a hannu, da sunan masaukin da za ka sauka a Lusaka a rubuce. Ana mayar maka da fasfo ka buɗe ka duba hatimin da adadin kwanakin da aka ba ka tun jami'in bai bar tarago ba, gyara daga baya wahala ne. Ba a ɗaukar hoto a nan.

Abubuwa uku suna sauyawa a lokaci ɗaya. Agogo yana komawa baya da awa ɗaya, domin Tanzaniya tana gaban Najeriya da awa biyu, Zambiya da awa ɗaya. Layin waya yana ɗaukewa, sai ka sayi na MTN ko Airtel na Zambiya, wanda rajistarsa ke buƙatar fasfo. Ya fi sauƙi a bari sai Kapiri ko Lusaka, don haka a sanar da gida tun a Mbeya cewa za a ji shiru na kwana guda. Na uku, taragon abinci yana daina karɓar shilin ya koma kwacha. Wannan ne ke tilasta wa kowa hulɗa da 'yan canji, waɗanda ke cika lungun tarago da damman kuɗi a hannu. Farashinsu bai kai na banki ba, amma babu wani a wurin. Ka canza abin da zai ishe ka abinci sau huɗu da ruwa da kuɗin mota zuwa Lusaka, da ɗan ƙari. Ka yi lissafin a wayarka, ba a na'urarsa ba. Ka karɓi kwachar ka ƙirga da hannunka kafin ka saki naka. Dabarar da aka fi yi ita ce, bayan ka ƙirga ka ce bai cika ba, sai ya karɓa ya ƙara takarda ɗaya a gabanka, yana miƙo maka ya zare biyu daga ƙasa. Duk kuɗin da ya koma hannunsa, a sake ƙirga shi daga farko. Ka kuma san kamannin takardun da ake kashewa yanzu, domin Zambiya ta cire sifiri uku daga kuɗinta a 2013, tsohuwar takarda mai manyan lambobi ba ta sayen komai.

Ɓangaren Zambiya shimfiɗaɗɗen tudu ne, daji mai gajerun bishiyoyi, ƙauyuka jefi-jefi, buhunan gawayi a jere a bakin layi. Layin ya fi miƙewa, jirgi ya fi gudu, barcin dare na biyu ya fi daɗi, amma sanyin yana nan. Ana wuce Kasama, a haye kogin Chambeshi, a tsaya a Mpika inda babban garejin gyaran jirage yake, sai Serenje da Mkushi. Suwahili ya daina aiki, Bemba da Turanci ake ji. Gaisuwa "muli shani", godiya "natotela mukwai". Tuwon ya sauya suna ya koma nshima. Musulmi ba su da yawa a wannan yanki, saboda haka daga iyaka na bar nama na koma kifi da wake da ƙwai, da ifisashi, ganye da aka dafa da dakakkiyar gyaɗa, ɗan'uwan miyar taushe.

Tashar ƙarshe sunanta New Kapiri Mposhi, tana ɗan wajen gari. Daga nan zuwa Lusaka kilomita kusan 200 ne, awa uku a mota idan hanya ta yi kyau. Ƙananan bas suna jiran jirgi a ƙofar tasha, suna cika nan take, wanda ya yi jinkirin saukowa sai ya jira wata ta cika. Ka haɗa jakarka tun daga Mkushi, ka leƙa ƙarƙashin gado da bayan matashi, ka tambayi ma'aikacin tarago kuɗin motar kafin ka sauka don ka san abin da za ka biya. Jakar ta zauna a cinyarka ko ƙarƙashin ƙafarka, in an ce sai ka biya mata kujera, biyan ya fi a ɗaure ta a baya inda ba ka ganinta. Idan kuwa tsakar dare aka iso, kada ka bi hanyar. Manyan motocin kaya sun yi yawa a kanta, kuma a 2016 Zambiya ta taƙaita tafiyar motocin haya da dare. Ɗakin jira na tashar babba ne, fasinjoji da yawa a nan suke shimfiɗa zani su kwana. Ka ɗaure jaka a ƙafar benci da sarƙar nan, ka sa rigar sanyi, motocin farko suna fara lodi da asuba.